Kafin Ka Buɗe Romawa Sura Tara

Dattijo,

 Mu nan Jos lafiya lau, sai ruwa da ya ƙi ɗaukewa, da sanyin nan da ka sani. Kada ka ɗauka tsiya nake yi maka da na kira ka Dattijo. Tun da ikilisiya ta naɗa, mu namu bi ne, ko da yake akwai labaran zamanin makaranta da in na kwance bakin jakarsu sai an sake zaɓe.

Na saurari saƙon muryar da ka turo har ƙarshensa, na ga magana ce da ba ta yiwuwa a tsaitsaye, shi ya sa na zauna na rubuta. In na fahimce ka daidai, saurayin nan da ya dawo daga bautar ƙasa ya tashi a nazarin Littafi Mai Tsarki ya ce Allah ya riga ya zaɓi nasa tun kafin a kafa duniya, don haka kuɗin man da kuke zubawa a mota don fita bishara ƙauyuka asara ce. Wani dattijo ya fusata ya ce wannan koyarwa ta mai da Allah azzalumi. Sannan mamar nan ta Zumuntar Mata, wadda ɗanta ya daina zuwa sujada, ta tambaya ko addu'ar da take yi masa tana da amfani in ba ya cikin zaɓaɓɓu. Fasto kuma, da wayonsa, ya rataya maka jakar tsaba, ya ce kai za ka koyar da Romawa sura 9 zuwa 11. To, sannu da aiki.

Bari in faɗa maka inda na tsaya tun yanzu don kada ka yi ta lalube. Ni na gaskata Allah ne ke farawa. Shi ya biyo mu tun ba mu san muna bukatarsa ba, shi ya buɗe zuciya kamar yadda ya buɗe ta Lidiya a bakin kogi a Filibi, har bangaskiyar da muka karɓe shi da ita daga hannunsa ta fito. Saurayinku ya riƙo gaskiya babba, sai dai ya ja ta zuwa inda masu ita ba su taɓa kai ta ba.

Ka fara gaya musu cewa gardamar nan ba a YouTube aka haife ta ba. A nahiyarmu aka fara dambenta na gaske. An haifi Agustin a shekara ta 354 a Tagaste, garin da yau ake kira Suk Ahras a Aljeriya, ya kuma zama bishop na Hippo, wato Annaba ta yanzu, can bakin teku. Abokin karawarsa, Felajiyus, mutumin Birtaniya ne mai gudun duniya da ya zauna a Roma. In ka ambace shi ka yi masa adalci, domin ba shaƙiyyi ba ne. Ya ga masu hannu da shuni na Roma sun cika majami'u tun da addinin ya zama na gwamnati, suna sheƙe ayarsu, in an yi magana su ce ai ɗan Adam rarrauna ne. Abin ya ƙona masa rai. Ya ce Allah ba ya umartar abin da ba za a iya ba. In ya ce ka yi, to kana iyawa, ka daina fakewa da Adamu. Da aka karanta a gabansa wata addu'a ta Agustin, inda yake roƙon Allah ya ba shi ikon cika umarnin da ya ɗora masa, sai ya harzuƙa, yana ganin ƙofa ce aka wangale wa ragwaye.

Shi kuwa Agustin daga abin da ya ɗanɗana yake magana. Uwarsa Monika Kirista ce, ya ji gaskiya tun yana yaro, ya yi karatu har ya koyar da fasahar magana a Kartaj da Roma da Milan, amma duk iliminsa bai ba shi ikon sakin abin da ya ɗaure shi ba. Sai yana da shekara 32 Bishop Ambros ya yi masa baftisma a Milan, a 387. Abin da ya gano a kansa shi ne cutar ba a rashin sani take ba, so ne ya karkace, mutum kuma ba ya miƙe sonsa da sonsa. Da ya tsufa ya rubuta cewa da farko shi ma yana ganin mu ke kawo bangaskiya, Allah ya cika sauran. Tambayar Bulus a 1 Korantiyawa 4:7 ce ta kayar da shi, inda manzon yake ƙalubalantar masu fahariya su nuna abu guda nasu da ba kyauta aka ba su ba. In bangaskiya tana cikin abin da kake da shi, to ita ma ba ka aka yi. Taron bishop-bishop da aka yi a Kartaj a 418 ya yi watsi da koyarwar Felajiyus.

Amma labarin da na fi so ka kai musu shi ne na Hadrumetum, garin Susa na Tunisiya a yau, don ya yi kama da naku har abin ya ba ni dariya. Wajen 426 wata wasiƙar Agustin a kan alheri ta faɗa hannun 'yan zuhudun wani gida a garin, gida kuwa ya rabu biyu. Wasu suka ce in dai Allah ne ke ba da so da ikon yi, to shugabanmu ba shi da dalilin tsawata mana in mun yi laifi, ya dai yi mana addu'a kurum. Ka ga wayo? Mutum ya sami koyarwar da za ta hana a ɗaga masa murya. Agustin, yana tsoho ya haura saba'in, ya zauna ya rubuta musu littattafai biyu, ɗaya a kan alheri da 'yancin zaɓi, ɗaya a kan tsawatarwa da alheri. Amsarsa ita ce laifin naka ne, don haka tsawar taka ce. Kuma tsawar nan tana iya zama ainihin hanyar da Allah zai bi ya warkar da kai. Ya ƙara da abin da saurayinku bai kai ga karantawa ba: tun da ba a nuna mana su wane ne zaɓaɓɓu ba, wajibinmu ne mu so ceton kowa, mu yi wa kowa gargaɗi. Wannan daga bakin mutumin da duk masu koyar da zaɓe suke kira uba.

Ka buɗe musu Ayyukan Manzanni sura 27, a karanta ta gaba ɗaya ko da za ta ci lokacin shayi. Mutum 276 ne a jirgin ruwan da guguwa ta yi ta wasa da shi mako biyu. Mala'ika ya riga ya shaida wa Bulus ba wanda zai mutu, Bulus kuma ya sanar a gaban kowa. Magana ta ƙare ke nan, ko? Amma da matuƙan suka sauke ƙaramin kwalekwale za su sulale, Bulus bai ce a bar su ai an riga an rubuta ba. Ya gaya wa shugaban sojojin cewa in mutanen nan suka bar jirgin ba mai tsira, sojoji kuwa suka yanke igiya. Ya matsa wa kowa ya ci abinci don ya sami ƙarfi. Da jirgin ya farfashe, masu iya iyo suka yi iyo, sauran suka rungumi katako, duka suka fita a tsibirin Malita. Alkawarin ya cika ɗari bisa ɗari, ta hanyar yanke igiya da cin gurasa da iyo. Allahn da ya nufi tsira shi ya nufi hanyarta. Haka ma a Koranti, sura 18: da Ubangiji ya gaya wa Bulus yana da mutane da yawa a birnin, bai naɗe tabarmarsa ya ce to za su zo da kansu ba, zama ya yi shekara ɗaya da wata shida yana koyarwa. Sanin cewa akwai na Allah a garin shi ya hana shi gudu.

Tarihin bishara ma ya ƙaryata batun asarar mai. William Carey, mai gyaran takalmin nan na Ingila, daga cikin Baftis masu riƙe da koyarwar zaɓe ya fito. Shi ne ya rubuta ɗan littafi a 1792 yana cewa wajibi ne Kirista su tashi su yi amfani da hanyoyin da ke hannunsu, ya tafi Indiya a 1793, ya yi shekara bakwai kafin a yi wa mutum na farko baftisma a ƙarshen 1800. Me ya riƙe shi in ba tabbacin cewa aikin ba a kan dabararsa ya rataya ba? Mu dawo gida. Johanna Veenstra, wadda ta iso Najeriya a 1920 ta zauna a Lupwe kusa da Takum, 'yar ikilisiyar da ke bin koyarwar zaɓe ta Kalbin sau da ƙafa ce a Amurka. Ta rasu a 1933, kabarinta yana nan Vom kusa da mu, ikilisiyar CRCN kuwa daga wannan aiki ta tsiro. Ka tambayi saurayin ko ya fi ta gaskata zaɓe. Shawarata ma, kada ka kunyata shi a gaban jama'a. Yaron da ya dawo yana karanta Romawa, alhali tsaransa suna can suna cacar ƙwallo a waya, ba abin yarwa ba ne. Ka kira shi gida ku ci tuwo, sannan ka sa sunansa a sahun farko na masu fita ƙauye.

Maganar mamar nan ce ta fi tsaya mini a rai, don ita ba gardama take yi ba, ɗa take nema. Ka je gidanta, kada ka amsa mata daga kan bagadi. Ka tambaye ta, in ta durƙusa me take roƙo? Ai ba cewa take yi Allah ya zuba ido ya ga abin da yaron zai zaɓa ba. Cewa take yi ya juyo da zuciyarsa, ya kama shi, ya hana shi barci har ya dawo. Wannan addu'a ba ta da ma'ana sai in Allah yana da iko a kan zuciyar da ta taurare. Da a ce komai a hannun yaron yake, da sai ta yanke ƙauna, don ta fi kowa sanin taurin kansa. Ikon mallakar Allah da aka tsorata ta da shi, shi ne ƙasar da gwiwarta take kai. Kuma ba a ba wa kowa littafin sunaye ba, ba fasto ba, ba annabin kan titi ba. Maimaitawar Shari'a 29:29 ta raba mana aiki: akwai ɓoyayyu da ke na Allah, akwai bayyanannu da ke namu. Abin da aka bayyana mata shi ne Yesu ya yi alkawari a Yahaya sura 6 cewa ba zai kori mai zuwa gare shi ba, a cikin ayar da ya yi maganar waɗanda Uba ya ba shi. Duk wanda ya dubi mai rai ya ce wannan ba zaɓaɓɓe ba ne, ya yi shisshigi. Da safiyar ranar Juma'ar da aka gicciye Yesu wa zai ce ɓarawon da ke kan gicciye zai kwana a Firdausi? Ka ba ta labarin Monika, wadda ta bi ɗanta da hawaye daga Afirka har Milan, ta ga baftismarsa, ta rasu a Ostiya a cikin shekarar. Ba alkawari kake yi mata cewa nata zai zo daidai da haka ba. Kana nuna mata ne cewa babban malamin zaɓe da kansa ya ɗauki addu'ar uwarsa a matsayin igiyar da Allah ya jawo shi da ita.

Akwai abin da ke sa maganar nan ta yi mana santsi a ƙasar Hausa. Mun taso da rabon kwaɗo ba ya hawa sama, da zakaran da Allah ya nufa da cara. Akwai gaskiya a ciki, tana kuma sanyaya zuciya ranar makoki. Amma ka san yadda muke lanƙwasa ta. Direba ya fita da mota ba birki, ya kashe mutane, a ce haka Allah ya nufa, a tashi. An sace kuɗin maganin asibiti, yaro ya mutu, a ce kwanansa ne ya ƙare. Littafi bai taɓa barin mai laifi ya ɓuya a bayan nufin Allah ba. Yusufu ya gaya wa 'yan'uwansa cewa Allah ya juya abin ya zama ceton mutane da yawa, amma a cikin numfashi guda ya kira abin da suka yi mugunta. Bitrus a ranar Fentikos ya ce bisa shirin Allah aka ba da Yesu, ya kuma dube su ya ce ku kuka kashe shi. Ba wanda ya ce to ai ba laifinmu. Zuciyarsu ta soku, wajen mutum 3,000 suka tuba. Maƙwabtanmu Musulmi ma sun sha wannan muhawara tun ƙarnonin farko, tsakanin Jabariyya da Ƙadariyya, har Ash'arawa suka zo da bayaninsu na cewa Allah ke halittar aiki, bawa kuma ke ɗaukar alhakinsa. Duk mai gaskata Allah ɗaya Mai Iko Duka sai ya zo wannan mararraba. Abin da ya bambanta namu shi ne Bulus ba ya maganar zaɓe sai ya haɗa da Almasihu. Mai son ya san ko Allah yana nufinsa da alheri, gicciye zai duba.

Game da surorin da aka ba ka, roƙona ɗaya: kada ka koyar da sura 9 ita kaɗai a sallami mutane su kwana da ita. Ka lura da yadda ta fara. Bulus yana cikin baƙin ciki, har yana cewa da zai yiwu da an la'anta shi saboda danginsa. Tambayar da ke cinsa ita ce, tun da yawancin Isra'ila sun ƙi Almasihu, maganar Allah ta faɗi ke nan? Daga nan ya kawo Ishaku da Isma'ilu, da Yakubu da Isuwa waɗanda aka bambanta tun suna ciki, ba su yi nagarta ko mugunta ba. Kada ka sassauta wannan don a ji daɗi, haka yake a rubuce. Yakubu macuci ne, ba wanda zai ce halinsa ya saya masa. In ka zo kan Fir'auna ka koma Fitowa tare da su, su gani da idonsu cewa wani wuri an ce Allah ya taurare zuciyarsa, wani wuri an ce shi ya taurare ta. Sai sura 10, wadda ta buɗe da addu'ar Bulus don ceton mutanen nan dai, ta kuma tambaya yadda za su ji in ba mai wa'azi. Sura 11 ta ƙare da jinƙai da waƙar yabo. Wanda ya karanta surorin uku ya fito da girman kai, ko ya fito da sanyin jiki, ya tsallake wani abu.

Za a yi maka tambayar da ta fi kowace wuya, ka shirya: in Allah na iya buɗe kowace zuciya, me ya sa bai buɗe duka ba? A nan dattijon da ya fusata yana da ayoyi a hannunsa, kada ka yi kamar babu su. Ezekiyel 33 ta ce Allah ba ya jin daɗin mutuwar mugu, 1 Timoti sura 2 ta ce yana son dukan mutane su sami ceto, Yesu kuma ya yi kuka a kan Urushalima, ba kukan wasan kwaikwayo ba. Littafi ya ajiye waɗannan kusa da Romawa 9 bai ba mu zaren da ya ɗinke su ba. Ni inda nake tsayawa shi ne inda taron Oranj ya tsaya a kudancin Faransa a 529: alheri ne ke riga komai, har farkon bangaskiya da marmarin yin addu'a kyauta ne, amma sun la'anci cewa Allah ya ƙaddara wani ga mugunta. Wanda ya tsira, Allah ya cece shi. Wanda ya hallaka, zunubinsa ne. Masu son lissafi ya fita daidai za su ce wannan bai daidaita ba. Na yarda bai daidaita ba, na kuma fi son in tsaya inda aka daina yi mini bayani da in ƙarasa wa Allah maganarsa. Kalbin ya wuce nan, ya koyar da ƙaddarawa ta ɓangare biyu, shi da kansa kuma ya amsa cewa abu ne mai ban tsoro. Amma ko shi, a bugun ƙarshe na babban littafinsa a 1559, sai da ya gama maganar bangaskiya da barata da addu'a kafin ya taɓo zaɓe. Wannan darasi ne ga mai koyarwa. Ba da shi ake tarbar baƙo a bakin ƙofa ba.

Kuma don Allah kada ka bari a raba majami'a gida biyu, a ce waɗannan 'yan Kalbin, waɗancan 'yan Arminiyus. An taɓa yi, ba ta yi kyau ba. Arminiyus a Janeba ya yi karatu a hannun magajin Kalbin, ya koyar a Leiden ta ƙasar Holan har ya rasu a 1609. Bai taɓa cewa mutum na ceton kansa ba. Cewa ya yi alheri ne ke farawa, amma ana iya ƙinsa. Almajiransa suka gabatar da batutuwa biyar a 1610, taron Dort na 1618 zuwa 1619 ya ƙi su. Siyasa ta riga ta shige ciki: aka tuɓe fastoci wajen 200, aka fille kan Oldenbarnevelt, dattijon ƙasa ɗan shekara 71 da ke goyon bayansu, a cikin watan da aka tashi taron. A kan koyarwar alheri fa! Wani abin da masu ɗaga tutar Dort a intanet ba sa faɗa shi ne takardar taron da kanta ta ce a yi shelar bishara ga dukan al'ummai ba tare da bambanci ba. Katolika ma sun yi tasu tsakanin Dominikawa da Jesuwit, Fafaroma ya saurare su shekara da shekaru, a 1607 ya sallame su ya hana kowane ɓangare kiran ɗayan ɗan bidi'a. Jon Wesli da Joj Witfil, abokai tun Oksfod, sun ɓata a kan wannan magana wajen 1740, har da buga wa juna raddi. Amma da Witfil ya rasu a Amurka a 1770, Wesli ne ya yi wa'azin tunawa da shi a Landan, bisa ga abin da mamacin ya nema. Nan Bukuru ma, a kwalejin tauhidi ta TCNN, jikokin Kalbin daga Takum da ƙasar Tibi, da jikokin Wesli daga Muri, da na Luta daga Numan, da 'yan ikilisiyar EYN, aji ɗaya suke zama, su yi musu da rana su ci abinci tare da dare.

Yanzu bari in faɗi abin da ya fi damuna, wanda ba ka tambaye ni ba. Ina ganin yayin da kuke dambe tsakanin Kalbin da Arminiyus, wanda ke cin kasuwa a majami'unmu wani ne da su biyun za su haɗu su kora. Ka saurari wa'azin da ke tashi a lasifika da rediyo. Shuka iri ka girbi mu'ujiza. Yi azumin kwana 21 ka tilasta wa sama ta buɗe. Ba ka ba da zakka ba, shi ya sa ɗanka ke ciwo. Ka saurari abin da muke faɗa a jana'iza: ya sayi kujeru, ya rufa majami'a da kwano, lalle yana can wurin hutawa. Mun mai da ceto adashi, kowa na zubi yana jiran ranar kwasarsa, mai zubi babba ya kwashi babba. Felajiyus aƙalla tsarkin rai yake nema, mu kuwa har farashi mun sa. Abin da ya tayar da Luta ke nan a 1517, lokacin da ake sayar da takardun gafara a ƙasar Jamus, ga shi ya dawo da rigar Furotesta. Kuma ka san wa abin ke kashewa? Gwauruwar da ba ta da abin shukawa, da mutumin da ya faɗi sau goma ya ɗauka ya cinye rabonsa wurin Allah. Su ne ke bukatar su ji cewa ba su suka fara ba, don haka ba raunin hannunsu ne zai ƙare maganar ba. Wanda ya soma aikin kirki a cikinsu, in ji Bulus ga Filibiyawa, shi zai kai shi ƙarshe. A wasiƙar nan dai ya ce su yi aikin cetonsu da tsoro da rawar jiki, dalilin da ya bayar kuwa shi ne Allah ne ke aiki a cikinsu.

Da ni ne kai, da Matiyu sura 20 zan fara, kafin a taɓa Romawa. Mai gona ya ɗebi 'yan ƙwadago da asuba, ya ƙara da hantsi, da tsakar rana, har da waɗanda ya tarar suna zaune saura sa'a ɗaya a tashi, da yamma kuma ya biya kowa dinari guda. Ka karanta, ka yi shiru, ka tambaye su tsakani da Allah wa ya ji haushi. Za ka ga hannuwa, musamman na waɗanda aka haifa a gidan masu bi, kamar ni da kai, masu ganin tun asuba muke gona. Daga wannan haushin za ka shiga, don mai jin an ƙware shi a biyan dinari bai shirya jin labarin Yakubu da Isuwa ba tukuna.

Takarda ta cika, hannu ya gaji. Ka sanar da ni ranar da za ka fara, in hanya ta yi kyau zan zo in zauna a benci na baya, in yi maka tambayar da za ta sa ka zufa. Uwargida tana gaida taka, ta ce a tuna mata alkawarin daddawa. In direban da ka saba aikowa zai shigo Jos kafin ƙarshen wata, ka ba shi lambata, akwai buhun dankalin Bokkos da na ajiye muku, kada ya tsiro a ɗaki. Ka gaida Fasto, ka ce masa na ga dabararsa. Ka duƙa ka gaida mini su Inna.

Naka,
Abokinka na tun aji ɗaya